Ina namu a jerin AMVCA na 2025?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Abin nan ya tsaya min a wuya, gara in amayar. Jerin 'yan takarar AMVCA na 2025, bikin kyautar fina-finan Afirka da ake yi a Legas, ya fito, na bi shi rukuni-rukuni. Gwarzon jarumi babu namu, gwarzuwar jaruma babu namu, darakta babu namu. Da can ko ba komai muna da rukunin fim ɗin Hausa, a nan Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018. Daga 2024 suka soke shi, suka zuba Hausa da Yarbanci da sauran harsunan Afirka ta Yamma a wuri ɗaya, Jagun Jagun da ake nunawa a Netflix ya ɗauke kyautar. Furodusan da ke jiran kuɗin talla daga YouTube kafin ya fita lokeshin, yaya zai kara da wannan? Ana babbakar giwa wa zai ji ƙaurin zomo? Wallahi raina ya ɓaci.

Na Zoo Road: Wa alaikumus salam. Yaya, ka ce babu namu har sau uku. To fim ɗin Mai Martaba fa? Yana cikin rukunin Afirka ta Yamma ɗin da kake magana. Da Hausa aka yi shi, a Daura aka ɗauke shi, Adam A. Zango yana ciki, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar. Shi na waye?

Baban Ilham: Manyan rukunai na ce, ƙanena. Koma ka karanta.

Ɗan Fagge: Na Zoo Road, fim da Hausa daban, fim ɗin Kannywood daban. Duk wanda ya tara kuɗi zai iya ɗaukar jarumanmu ya yi fim da harshenmu. The Milkmaid ma ai da Hausa aka yi mafi yawansa, ya ci gwarzon fim a AMAA ta 2020, wata gasar fina-finan Afirka daban, amma Desmond Ovbiagele ne ya shirya shi, a Taraba. Wa ya taɓa cewa fim ɗin Kannywood ne?

Maman Walida: A wannan fim ɗin ne fa Maryam Booth ta ci kyautar mataimakiyar jaruma, ta doke 'yan Afirka gaba ɗaya. 'Yar Kano ce. Ranar ai har da kai a masu murna, yau kuma fim ɗin ya zama ba namu ba?

Ɗan Fagge: Hajiya, ita tamu ce, fim ɗin ba namu ba ne.

Anti 'Yar Kaduna: To ku tsaya a yi ta ta ƙare, su waye "namu"? In 'yan Kano kaɗai kuke nufi, sai ku fara cire Rahama Sadau da Zango, Kaduna ce jiharsu. Ku cire Nafisa Abdullahi, a Jos aka haife ta. Ku cire Hadiza Gabon, sunanta ma ya faɗa muku inda ta fito. Shi kansa Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi. Mu ga wa zai rage muku a fosta.

Ɗan Fagge: Anti, duk waɗannan da kika lissafo, da sunan wace masana'anta aka san su? Sunan ma Kano ce a gabansa. A mujallar Tauraruwa aka fara kiran Kannywood a 1999, kafin a ji kalmar Nollywood a 2002. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a nan aka yi shi a 1990. Kaset ɗin da ya shiga Nijar da Ghana daga Ƙofar Wambai ya fita.

Anti 'Yar Kaduna: Na daɗe da aure a Hotoro, 'ya'yana duk a Kano aka yanke musu cibi, amma da an taɓa maganar fim sai a tuna min ni baƙuwa ce. Shi ya sa ba kwa ci gaba.

Ɗan Fagge: "Ba kwa"? Ashe ke ma kin fitar da kanki.

Mai Tace Hoto: Don Allah a saurare ni, sana'ata ce. AMVCA ba ta bin gari-gari tana neman fim. Mai fim ne yake shigar da aikinsa kafin a rufe, da fassarar Turanci a ƙasa. Wasu rukunan alƙalai ne ke yanke hukunci, wasu kuma ƙuri'ar masu kallo. Mu nan ƙarfinmu ya koma fim mai dogon zango, ana ɗauka yau a tace gobe a saki jibi saboda kada mako ya wuce babu sabon kashi. Sauti shi ne babban ciwonmu, sai fassarar da ake yi cikin gaggawa. Alƙalin da ba ya jin Hausa, da wannan fassarar zai auna wasan jarumi. Kafin a ce wariya, a tambayi furodusoshi nawa ne suka shigar.

Sarkin Masoya Zango: Ni tun da mai maganar ya buɗe da Mansoor na san inda aka dosa. Ɗan FKD ne, kamfanin Ali Nuhu. Fim ɗin da Zango ya fito ya kai har ƙofar Oscar bai isa a kira shi namu ba, da wani ne a ciki da yanzu an cika mana kunne.

Baban Ilham: Subhanallah. Ni da na kawo kukan masana'anta gaba ɗaya?

Ɗan Sarki: Kar a sako Sarki Ali Nuhu a wannan. Tun 2007 ya karɓi kyautar AMAA da fim ɗin Sitanda, lokacin wasu ba su san hanyar Legas ba. Yau shi ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024. Kyauta ba baƙuwarsa ba ce.

Sarkin Masoya Zango: Madalla. Tunda hukumar tana hannunsa kuma ita ke shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja, sai mu zuba ido.

Ɗan Sarki: Zuba ido kuka iya.

Malam Na Kurna: Jama'a ku ji tsoron Allah, da azumi a bakinku. Ni tambayata ma, mece ce ribar kyautar Legas? Kowa yana ganin irin shigar da ake yi a wajen bikin nan. Idan sai 'yarmu ta yi haka za a kira sunanta, a bar musu kayansu. Hukumar tace fina-finai da aka kafa a Kano a 2001 ba don wasa aka kafa ta ba.

Maman Walida: Allah ya gafarta Malam, babu wanda aka ce sai ya tuɓe kafin a ba shi kyauta. Irin wannan maganar ce ta kashe alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Ƙofa a 2016. Da an yi ta, da yaranmu sun samu wajen koyon sautin da Mai Tace Hoto yake kuka a kai.

Malam Na Kurna: Hajiya, ba mu yi nadama ba, kuma ko gobe aka dawo da ita za mu yi magana.

Na Zoo Road: Har yanzu dai babu wanda ya gaya min Mai Martaba na waye.

Ɗan Fagge: Na masu shi ne.

Anti 'Yar Kaduna: Ranar da ya ci kuma zai zama na Kano, muna nan.

Shugaban Zaure: To jama'a, an kusa shan ruwa, zan rufe zaure sai bayan tarawihi. Ga abin da muhawara ta fitar. An amince Kannywood ta Kano ce, tarihi ya nuna haka tun 1990, baƙinmu na Kaduna da Jos kuma muna maraba da su. An amince fim ba ya zama namu don kawai an yi shi da Hausa, kamar yadda Ɗan Fagge ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Maganar sauti da fassara ƙaramar matsala ce, za a gyara. Ni a ganina mafita ita ce ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da gwamnatin Kano su tsayar da bikin karramawa na shekara-shekara a nan Kano, da alƙalai masu jin Hausa, mu daina kai kanmu inda ba a san darajarmu ba. Masu rigimar Sarki da Zango, wanda ya sake zan cire shi.

Anti 'Yar Kaduna: Shugaba, "an amince" in ji wa? Ni da Maman Walida da Na Zoo Road ba a zauren nan muke ba? Kafin ka rufe, lissafo min sunayen waɗanda suka amince ɗin.