Bairos ya kulle min Task Manager da regedit, don Allah a ba ni shawara

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana uku ke nan kwamfutata ta birkice, ga rubutuna na kammala karatu a ciki, babi huɗu. Windows 10 ce. Abin ya faro ne daga wata manhajar gyaran hoto ta sata da wata abokiyar karatuna ta ba ni a filash. Ta ce sai na kashe antibairos kafin ta hau, ni kuma na kashe. Tun daga ranar fanka ke ta ihu ko ba na taɓa komai. Na danna Ctrl+Shift+Esc in ga me ke cin ƙarfinta, sai ta rubuto min "Task Manager has been disabled by your administrator", wato wai shugaban kwamfutar ya kulle Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki. Wane shugaba kuma, bayan ni kaɗai ce mai kwamfutar? Regedit, mai buɗe rajistar saitunan Windows, ma haka, cmd, tagar rubuta umarni, ma haka. Windows Security in na kunna sai ya kashe kansa. Abin da ya fi ɗaure min kai, YouTube na buɗewa lafiya lau, amma shafin duk wani kamfanin antibairos sai ya ce babu intanet. Ya zan yi ba tare da na rasa aikina ba?

Gajere Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Ki yi mata fomatin kawai ki huta.

Ɗan Koyo:
Haba, fomatin a kan wannan ɗan abin? Yaya, makulli ne kawai aka saka a rajistar Windows, sunansa DisableTaskMgr, an ba shi lamba 1. Ki buɗe PowerShell, wata tagar rubuta umarni ce kamar cmd, shi galibi ba sa tunawa da shi, ki liƙa wannan:

Remove-ItemProperty -Path "HKCU:\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System" -Name DisableTaskMgr

Ki sake yi, ki canza kalmar ƙarshe zuwa DisableRegistryTools. Shi ke nan.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Na gode ƙanina, ya yi aiki, har na yi hamdala. Task Manager ya buɗe, na hango wani abu mai suna kamar svchost, wani fayil na Windows kanta, yana cin kusan duk ƙarfin injin. Kafin in kai hannu kansa taga ta rufe da kanta. Na sake dannawa, saƙon nan na farko ya dawo.

Malam Mai Gyara:
To ai ga amsar nan kin ba kanki, Malama. Umarnin da Ɗan Koyo ya bayar daidai ne, lokacinsa ne bai yi ba. Kin cire kwaɗo alhali ɓarawon yana tsakar gida da wani kwaɗon a aljihu. Bairos ɗin yana raye a cikin injin, yana leƙa makullin nan lokaci-lokaci, da ya ga an goge sai ya mayar. Ko sau ɗari kika goge, sau ɗari zai mayar. Shi za a fara kashewa, gyaran makullai ya biyo baya.

Saƙon da kika gani ma ba na bairos ba ne, na Windows ne da kanta. An yi wannan tsari ne don masu kula da kwamfutocin ofis da makaranta su hana ma'aikata taɓa abin da bai shafe su ba, shi kuma ya ari rigar shugaba ya saka.

Da farko ki cire ta daga intanet yanzu. Sannan ki kwashe babinki huɗu zuwa wani filash wanda babu komai a ciki. Takardu da hotuna kaɗai, kada ki ɗauki ko fayil ɗaya mai ƙarewa da .exe ko .scr ko .vbs, komai son da kike masa. Dalilina: akwai dangin bairos irin Sality, wanda aka sani tun 2003, da ba ya zama a fayil guda. Shiga yake cikin jikin manhajoji masu lafiya ya liƙe, yana kashe Task Manager da regedit, har Safe Mode, yanayin tayar da Windows don gyara, yake lalatawa. Na sha ganin wanda ya yi fomatin tsaf, ya dawo da tsohuwar foldar manhajojinsa, ya danna ɗaya, kafin magariba ciwon ya dawo sabo. Ban ce shi ne ya kama ki ba, sunan zai fito a wajen bincike.

Binciken kuma daga wajen Windows za a yi shi, lokacin da abin yake barci. Idan Windows Security zai bari ki kai Scan options, ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi a wani ɗan allo daban, ta yi kamar minti 15 tana bincike. Idan ya hana ki kaiwa can, ki nemi kwamfuta mai lafiya ki sauke Kaspersky Rescue Disk, kyauta ne, ki ɗora shi a filash da manhajar Rufus, ki tayar da taki daga filash ɗin. A nan Windows ɗinki ba ta tashi ba balle abin da ke cikinta ya kare kansa.

Gajere Mai Waya:
Malam, duk wannan wahalar, ba fomatin ɗin za a ƙare a kai ba?

Malam Mai Gyara:
Wataƙila. Amma ko fomatin za a yi, gara a san me ya shiga, don a san me za a iya ɗauka a tsallaka da shi.

Anti Mai Lissafi:
Ƙanwata, ni ba ta kwamfutar nake ji ba. Manhajojin sata na yanzu da yawa ɓarayin kalmar sirri ake cusawa a ciki, su kwashe duk abin da burauza ta adana cikin 'yan daƙiƙu, har da shaidar shigarki shafuka. Kwana uku tana kan intanet, ki ɗauka sun riga sun tafi da su. Ki ɗauki wayarki, ba kwamfutar ba, ki canza kalmar sirrin imel tukuna tunda da ita ake dawo da sauran, sai ta banki da Facebook. Ki danna wurin da ake fitar da duk na'urorin da suka shiga, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Anti, Allah ya saka, na canza su daren jiya. Malam, Defender ya ƙi, sai da filash ɗin ceto na yi. Ya kamo abubuwa da dama, babu Sality a ciki, amma akwai mai haƙar kuɗin kirifto, ashe shi ke sa fanka ihu. Na sake umarnin Ɗan Koyo, yanzu makullin bai dawo ba ko da na kashe na kunna. Saura cmd da shafukan antibairos. Sannan filash ɗin abokiyata, duk foldojinta sun koma masu 'yar kibiya a gindi, tana ta kuka wai aikinta ya tafi.

Malam Mai Gyara:
Madalla. Makullin cmd yana wani layin daban, sunansa DisableCMD, a ƙarƙashin HKCU:\Software\Policies\Microsoft\Windows\System, ki goge shi da irin umarnin can. Shafukan kuwa, ki buɗe Notepad da ikon shugaba, wato Run as administrator, ki buɗo fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc. Za ki iya tarar da sunayen kamfanonin antibairos a jere, kowanne da 127.0.0.1 ko 0.0.0.0 a gabansa, wato an ce wa kwamfutar ta neme su a inda ba sa nan. Ki share waɗannan layukan. Bayan haka ki buɗe cmd da ikon shugaba ki gudanar da sfc /scannow, umarnin da ke gyara fayilolin Windows da suka lalace, ki ƙara sikanin da Malwarebytes, ki kuma duba da Autoruns na Microsoft ko akwai baƙon suna da ke tashi tare da Windows.

Ki ce wa abokiyarki ta share hawaye, aikinta na nan, ɓoye shi aka yi. Kada ta danna masu kibiyar nan, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. A yi wa filash ɗin sikanin, a goge su, sannan a cmd a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filash ɗin E ne.

Ke kuma, ki lallaɓa da ita haka har ki miƙa aikinki, amma kada ki shiga banki da ita. Da kin miƙa, ki bi maganar Gajere ki sauke Windows sabuwa fil, don injin da aka taɓa ba wa baƙo ikon shugaba ni ba na sake yarda da shi. In tana ɗaukar Windows 11 ki hau ita, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Gajere Mai Waya:
A rubuta a ajiye, ni na fara faɗa.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
An rubuta. Layi goma sha ɗaya na tarar a hosts, na share, shafin Malwarebytes ya buɗe. Yana kan sikanin yanzu, ni kuma na koma babi na biyar.