Lambar yabon manyan masana: wa take amfana?

Isuhu: Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada, nan Yamai, na faɗi wata magana aka taso mini, to ga ta nan kuma. Lambar yabon da ake ba manyan masu binciken sinadaran jikin halitta, waɗanda suka riga suka yi suna, ba ta ƙara wa ilimi komai. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da artemisinin a 1972, maganin da muke sha yau in zazzaɓin cizon sauro ya kama mu. Sai 2015 aka ba ta babbar lambar yabo ta Nobel, tana da shekara 84. Me za ta ƙara ganowa da kuɗin? Da matashi aka ba su, da ya sayi kayan aiki.

Hadiza: Yaya Isuhu, ai lambar ba jari ba ce, shaida ce. A 1972 wa zai rantse maganin nan zai kai inda ya kai? Sai da aka yi shekaru ana gwada shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa shi da wasu magunguna a 2001. Kuma an taɓa yin gaggawa aka ji kunya. Nobel ta 1926 Johannes Fibiger aka ba, kan cewa wata tsutsa ce ke jawo ciwon daji. Daga baya aka gano ba haka ba ne.

Mamman Sani: Hadiza, to Katalin Karikó fa? A 1995 jami'arta a Amurka ta rage mata matsayi saboda aikinta kan mRNA, sinadarin da ke kai saƙon ƙwayoyin gado a cikin jiki, ba ya samun tallafi. Lokacin da take neman mai riƙe mata hannu ba a ga kowa ba. Da rigakafin korona da aka gina kan aikinta ya fito, sai ga Nobel a 2023. Rana zafi, inuwa ƙuna, ita ta sha, su kuma suka zo wajen tafi.

Hadiza: Wannan laifin masu raba kuɗin bincike ne, ba na masu ba da lamba ba. Ka raba su.

Malam Garba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Abin da ya fi damuna ba shekarun mai karɓa ba ne, sunayen da ke ɓacewa ne. Nobel ba ta wuce mutum uku, kuma ba a ba mamaci. Rosalind Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, hotunan da aka ɗauka a ɗakin bincikenta sun taimaka ƙwarai wajen gane siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, amma a 1962 Watson da Crick da Wilkins ne suka hau dandamali. Duk wanda ya taɓa kwana yana gadin gwaji a labo ya san babu farfesan da ke aiki shi kaɗai. Ban ce a daina karramawa ba. Jami'armu ma sunan masanin kimiyya Abdu Mumuni take ɗauke da shi, kuma yara na jin sunan su tambayi ko wane ne. Wannan ma amfani ne, Isuhu, ko da ba a auna shi da jika.

Isuhu: Malam, na ji maganarku, amma bayan rasuwarsa aka sa sunan. Kun ga jinkirin da nake faɗa.

Rabi: Ni ba 'yar kimiyya ba ce, amma ƙanena yana da amosanin jini, shi ya sa nake bin labarin. Tun 1949 Linus Pauling ya nuna matsalar tana cikin haemoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Doudna da Charpentier sun fito da hanyar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR a 2012, suka samu Nobel a 2020, shekara takwas kawai, ba su tsufa suna jira ba. A ƙarshen 2023 aka amince da maganin amosanin jini da aka gina kan aikinsu. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu ga mutum guda. Sun cancanci yabo, wallahi ban hana ba. Amma ni lambar da nake son gani ita ce ta wanda zai karya farashin nan, tsoho ne ko yaro.

Mamman Sani: Wannan kuma ba aikin mai bincike ba ne, Anti, na kamfanoni ne.

Rabi: To ka nemo mini lambar wayar kamfanin.

Isuhu: Hadiza, har yanzu ba ki ba ni amsar Karikó ba. Ina jira bayan la'asar.