Bol-joyin na ƙasa ya saki: aikin gida ne ko sai gareji?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum masana. Corolla ce ƙirar 2006. Ƙafar gaba ta dama tana ƙara ƙwas-ƙwas in ta faɗa rami, tayar kuma ta fara cinyewa ta gefe ɗaya. Robar bol-joyin (mahaɗin da ƙafar taya take juyawa a kansa ta ƙasa) ta yage, giris ya fito ya cakuɗe da ƙasa. Ina da jak, ƙarafan tokare biyu, soket-soket da sifanar auna ɗauri. Ta yaya zan tabbatar shi ne, kuma zan iya canza shi da kaina?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Za ka iya, Malam, domin na wannan motar ɗaure shi aka yi, ba dasa shi aka yi da firesa ba. Amma fara da gwaji. Sa waigi a tayoyin baya, ka ɗaga motar, ka zaunar da ita kan ƙarfen tokare. Kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In akwai wasa, wani ya taka birki ka sake jijjigawa: in wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne, in yana nan, bol-joyin ne. Wasan hagu da dama kuwa galibi tayarod ne, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. Sannan ka zura ƙarfe tsakanin lowa-am (hannun ƙasa da ya riƙe ƙafar a jikin mota) da nokul (ƙarfen da ke ɗauke da taya da birki) ka ɗan banƙara, idonka kan joyin ɗin. Kodayake tunda roba ta yage, ko bai yi wasa yau ba, yashi ya riga ya shiga, kwanansa sun ƙare.

Ka sassauta notocin taya da babban notin dirabshaf (sandar da ke juya taya daga giyabos) tun motar tana ƙasa. Notin shaf ɗin soket 30 ne mai kusurwa 12, kuma an dokare bakinsa cikin wani ɗan rami, sai ka tayar da wurin da siririn ƙarfe kafin ka murɗa, in ba haka ba zai ci zaren shaf. Dalilin taɓa shi: notin bol-joyin yana zaune ne daidai ƙarƙashin kan shaf, wurin ya matse, ba soket ɗin da zai shiga.

Cire taya da notin shaf. Kwance bolti ɗaya da noti biyu da suka riƙe joyin a jikin lowa-am, danna am ɗin ƙasa, ka jawo nokul waje kaɗan kana tura shaf ciki har ya fita daga hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai. Yanzu notin sama ya fito fili. Zare kota-fin (siririn fil da ke hana notin kwancewa), sassauta notin, amma ka bar shi a kai da zare uku ko huɗu.

Nan ne aikin yake. Sandar joyin tana da tsini-tsini, ta cije cikin ramin nokul, cire noti kaɗai ba ya sakin ta. In kana da fula ta bol-joyin, wato ƙarfen da ake matse sandar da shi ta fito, ɗaura ta ka matse har ka ji ɗas. In babu, ka doki gefen nokul da guduma mai nauyi, daidai inda sandar ta ratsa, duka mai ƙarfi ba ƙwanƙwasa ba. Girgizar ce ke sakin ta. Kada ka doki kan sandar kai tsaye: kanta zai baje, noti ya ƙi fita, ka sayi aikin yankan ƙarfe.

Kafin ka sa sabo, jera shi da tsohon ka duba tsawo da kaurin sanda da ramukan bolti. Goge ramin nokul tas, tsatsa da datti su fita, kuma kada giris ya taɓa shi. A bushe ake so ya cije. Ɗauri: notin sama 103 Nm, ukun ƙasa 89 Nm, notin shaf 216 Nm, notocin taya 103 Nm. In ramin kota-fin bai yi daidai da tsagar noti ba, ƙara matsewa gaba, har iyakar digiri 60. Ba a komawa baya. Kota-fin sabo, notin shaf ma sabo, ka dokare bakinsa kamar yadda ka tarar.

Mai Alaimen:
Oga ya gama magana, abu uku kawai zan ƙara, duk a lokacin da nokul yake lilo ne ake ɓarnarsu. In ka bar shaf ya rataya ko ka fizge shi waje, joyin ɗin ciki yana iya zamewa, ko shaf ya fito daga giyabos mai ya zube. Ɗaure shi da waya a jikin sifirin. Tiyon birki da wayar ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki) ma kada su miƙe. Kwance ƙananan boltocin da suka manne su a jikin shok ka ba su sarari. Wayar ABS takan tsinke ta ciki ba tare da ka ga alama ba, sai fitila ta kama a dashbod.

Bayan ka gama, a kai ta alaimen. Tsohon joyin mai wasa ya riga ya karkatar da ƙafar, in ba a saita ba, sabuwar taya ma haka za ta cinye.

Mai Corolla:
Allah ya saka da alheri. In sandar ta riƙa juyawa tare da noti wajen ɗauri fa? Kuma dole ne in canza na hagu?

Tsohon Bakanike:
Tana juyawa ne don ba ta cije ba tukuna. Sa jak ƙarƙashin joyin ka ɗaga kaɗan, nauyin mota ya danna ta cikin ramin, za ta tsaya. In ta ci gaba da juyawa, ko noti ya kai ƙarshen zare alhali sandar tana rawa, to ko dai kayan ba na motar ba ne, ko ramin nokul ya buɗe. In ramin ne, nokul za a canza, kada wani ya ce maka a cusa washa.

Na hagu: gwada shi. Roba lafiya, babu wasa, ka ƙyale shi.

Direban Tifa:
A nan na ɗan saɓa da Oga. Na dama da na hagu tare suka fito daga kamfani, hanya ɗaya suka bi, kuma alaimen sau ɗaya ya fi sau biyu. Wanda yake da hali ya canza duka biyun.

Ga masu karantawa da wasu motoci kuma, kada ku ɗauki wannan tsari a kan kowace mota. Akwai wadda joyin ɗinta dasa shi aka yi cikin am, sai an cire sakilif (zoben ƙarfe da ya riƙe shi) an tura shi da firesa, kuma in ya shiga a karkace ya lalata ramin. Akwai mai ribit, sai an huda da direl a maye da bolti. Akwai wadda joyin da am abu ɗaya ne, am ɗin gaba ɗaya ake canzawa, boltocin bushin kuma ba a yi musu ɗaurin ƙarshe sai motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar tana murɗewa ta tsage da wuri. Mafi haɗari ita ce motar da sifirin ɗinta yake zaune kan lowa-am, kamar wasu tsofaffin a-kori-kura. A irinta, jak yana tokare da am ɗin kafin a saki joyin, a sauke a hankali. Gwajin wasa ma a irinta ta ƙarƙashin am ake ɗagawa, domin in ta bodi aka ɗaga, ƙarfin sifirin zai matse joyin ɗin, ka jijjiga ka ji shiru alhali ya mutu.