Tambaya kan limaman cocin ƙauyukan Faransa: bawan sarki ne ko na jama'a?

Jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masana tarihin Turai ku kawo mini ɗauki. Mako biyu ke nan ina fama da aikin makaranta kan limaman cocin Katolika a ƙananan garuruwan Faransa kafin juyin juya halin 1789, na maƙale wuri guda.

Aikinsu dai na gane shi. Tun dokar Sarki Faransuwa na Ɗaya ta 1539, limami ke rubuta kowace baftisma a littafi. Majalisar Trent kuma, wato babban taron shugabannin cocin Katolika, ta yanke a 1563 cewa aure bai ɗauru ba sai a gaban limami da shaidu biyu ko uku. Ranar Lahadi, daga kan mumbari yake karanta wa manoman da ba su iya karatu ba sanarwar sarki. Liman ne, magatakarda ne, sankira ne.

Inda na rikice shi ne kuɗi. Manomi na fitar da ushirin hatsinsa, amma a wurare da yawa rumbun bishop ko na gidan sufaye yake shiga, limamin da ke binne gawarsu sai a yanka masa ɗan albashi, liba 300 (kuɗin Faransa na lokacin) a shekara bisa dokar 1686. To idan rigima ta tashi kan ushirin nan, wane ɓangare yake tsayawa? Malaminmu ya maido mini da takardata da jan biro: "Ina hujja?" Wa ya san shari'ar wani gari takamaimai da zan kafa misali da ita? Ranar Alhamis zan miƙa.