Palenque: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ina rubuta tarihin Kartahena, tsohon birnin nan na gabar teku a Kolambiya, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi. Sifaniyawa na rubuta ta palenque, ana furta ta palenke. Na nemi shawara kan kalmar Hausa da za ta dace da ita, wasu har sun kawo tasu. Ga labarin tukuna, don masu kawo shawara su san abin da ake raɗa wa suna.

Pedro de Heredia ne ya kafa birnin a 1533, a kan wani ƙauyen 'yan asalin wurin mai suna Kalamari. Zinaren farko ma daga kaburburan mutanen Zenu aka tono shi. Cuta da aikin dole suka cinye 'yan ƙasar, sai aka juya ga Afirka. Daga 1595, da Sarkin Sifaniya ya ba 'yan kasuwar Fotugal kwangilar jigilar bayi, Kartahena ta zama babbar mashigar bayi a nahiyar Kudancin Amurka, ana sauke su daga gabar Gini da Kongo da Angola, a tura wasu har Peru.

To, ba duka suka zauna ba. Wajen 1600 wani bawa mai suna Benkos Biohó, mutumin yankin da ake kira Gini Bisau yau, ya ja mutane suka faɗa fadamun Matuna a kudu da birnin. Suka kafa gari, suka zagaye shi da gungumen itace masu tsini, suka haƙa ramuka a hanyoyin shiga, suka dasa itatuwa masu kaifi a ciki suka rufe da ƙasa. Sojan da bai san hanya ba, ƙafarsa ce za ta fara gaya masa. Irin wannan garin ne palenke, kuma a Sifaniyanci kalmar na nufin shingen gungume.

Wani ɗan'uwa ya ce a sa sansani. Malam, sansani na mayaƙa ne, ana gama yaƙi a kwashe kaya. Waɗannan kuwa noma suke yi, masara da rogo, suna aure suna haihuwa. Tunga ma an kawo, kuma ta fi kusa, don tana da ƙamshin sabon wuri a bakin ruwa. Sai dai tunga ba ta da shinge, kowa ya zo ya wuce. Mafaka kuma ta yi sanyi da yawa, kamar mutum ya raɓe ne yana jiran ruwa ya ɗauke, alhali mutanen Benkos fitowa suke su kai hari gonakin Sifaniyawa su tafi da wasu bayin.

Wanda ya ce rinji, Allah ya gafarta Malam, nan kam an juya abin. Rinji ƙauyen bayi ne na ubangida, suna yi masa noma. Ai daga irinsa aka gudo. Ribaɗi kuma yana ɗauke da tarihin Daular Sakkwato da tsaron iyakar Musulunci, bai kamata a ɗora shi inda ba nasa ba.

Ni dai kafi na zaɓa. Muna da shi tun kaka da kakanni: gari ne da ba a yi masa ganuwar ƙasa ba, an kafa masa itatuwa an zagaye don tsoron mahara. Sunan na nan a Kafin Hausa a Jigawa da Kafin Madaki a Bauchi. Kuma yana ba mu bambancin da labarin ke buƙata. Bayan Francis Drake, ɗan fashin teku na Ingila, ya kama Kartahena a 1586 ya karɓi kuɗin fansa, Sifaniya ta shiga gina mata ganuwar dutse, aikin da ya ci shekaru masu yawa, kuma bayi ne suka yi dakon duwatsun. Ke nan ga birni mai ganuwa a bakin teku, ga kafi a cikin fadama, kowanne yana tsoron ɗayan. Duk Bahaushe ya ji birni da kafi ya san wanda ya fi ƙarfi, ya kuma san ƙaramin ba kanwar lasa ba ne.

Saura a ce kafin su wa. Akwai tsohuwar kalmarmu gudajje, jam'i gudaddu, kuma ta dace da cimarrón da Sifaniyawa ke kiransu, wadda har dabbar da ta ɓalle ta shiga daji ana kira da ita. Amma wannan bakin ubangida ne. 'Yantattu kuma ba daidai ba ne, don 'yantacce wani ne ya 'yanta shi, su kuwa ba su jira kowa ba. Gwamnan Kartahena ya yi ta aika sojoji ba nasara, har dole aka yi sulhu, aka bar Benkos yana shiga birni da kayan Sifaniyawa da takobinsa a ɗamare. Daga baya Sifaniyawa suka ci amana, suka kama shi, aka rataye shi a 1621. Garuruwan ba su mutu da shi ba. San Basilio de Palenque, mai nisan kilomita kusan 50 daga birnin, ya samu amincewar hukuma a farkon ƙarni na 18, yana nan har yau da harshensa mai ɗauke da kalmomin Kikongo, harshen mutanen Kongo, kuma UNESCO ta karrama al'adunsa a 2005. Don haka na ce 'yan tsira.

Hajiya, kin yi gaskiya da kika ce a rubuce “kafin” zai iya rikicewa da kafin na lokaci. A baki murya na raba su, kuma ba wanda ya taɓa karanta Kafin Hausa da wata ma'ana. A rubutu sai a fara da “garin kafi na 'yan tsira” a ambaton farko, daga nan a riƙa cewa kafin kawai. Idan da yawa ne, garuruwan kafi. Sunan San Basilio de Palenque kuma a bar shi yadda masu shi ke rubutawa. Masu aiki a kan Burazil, inda ake ce wa irin waɗannan garuruwa quilombo, ku gwada shi a kan Palmares, mafi shahara a cikinsu, mu ji ko ya zauna.