Mayar da batir cikin but: abin da makanikai suka ce

Hirar ta taso ne a wani gareji a Jidda, inda 'yan uwanmu Hausawa ke aiki, bayan wani matashi ya ce yana shirya motarsa don tseren mita 402 a filin Dirab da ke kusa da Riyad.

Kowa ya yarda da dalilin mayar da batir cikin but: batir yakan kai kilo 18 zuwa 20, in ya koma baya tayoyin baya sun fi kama ƙasa lokacin tashi. Yawanci a gefen dama ake ajiye shi, don nan ne tayar ke saurin sulɓewa.

Gardamar a kan waya aka yi ta. Wani ya ce siririya ma ta isa, mai wayarin ɗin garejin ya ce sam, tazarar daga but zuwa injin ta yi nisa, kik zai yi ta nishi. Maganar mai wayarin na ɗauka. A sa mai kauri ta jan ƙarfe, lamba 1/0 a ma'aunin kaurin waya, fiyus dab da batir, a bi da ita nesa da salansa, duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Wayar as kuma a kankare fenti kafin a ɗaure ta a shasi.

A sa batir cikin akwati na ƙarfe, a ɗaure da noti, da bututun fitar da iskar batir waje. Da zafin Saudiyya wannan ba abin wasa ba ne. Dokar NHRA, ƙungiyar da ke kula da irin wannan tsere a Amurka, tana buƙatar makunni a bayan mota wanda zai kashe injin gaba ɗaya, don haka a gwada shi injin na aiki, kada altaneta ya ci gaba da ciyar da shi.