Keke ko mota don zirga-zirgar cikin Garwa ta Kamaru?

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sani. Tsakanin gida da shago kilomita 5 ne, kuma ana komawa gida cin abincin rana, sawu huɗu ke nan a yini. Akwai tsohuwar mota Carina E a ƙofar gida, amma mai ya fara fin ƙarfin aljihu. Shin keke zai iya ɗaukar wannan kai-komo a Garwa, da zafinmu da ƙurarmu, ko wahalar banza ce? In zai yi, wane iri ya kamata a saya?

Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗauko biro mu yi lissafi tukuna. Kilomita 20 a yini, kwana 26 na aiki, 520 ke nan a wata. Carina E da ta kwana biyu, ana tsayawa ana tashi a cikin gari, ka ɗora mata lita 10 a kowace kilomita 100. Lita 52. A farkon 2023 litar fetur a gidan mai sefa 630 ce, aka mai da ita 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840. A kan 840, man wata ɗaya ya tashi 43,680. Zuwa-zuwa, man kwalba na Najeriya da muke fakewa da shi a da, tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 ya daina zama na banza. Ga shi man kwalba yakan zo da datti, wani lokaci da ruwa, matatar mai ta toshe, famfon tanki ya wahala har ya ƙone.

Abin da mutane ba sa lura da shi, gajeren sawu ya fi doguwar tafiya cin mota. A kilomita 5 inji bai gama ɗumama ba an kashe shi, man da bai ƙone ba ya riƙa gangarawa yana tsinka baƙin mai, fulogi ya yi baƙi. Batir ma haka: tayarwa huɗu a yini, caji kaɗan, sai wata safiya a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas.

Amma kada a ce an sayi keke a jingine mota wata biyu. Taya za ta sace, batir ya mutu, ɓeraye su shiga wayoyi. Sau ɗaya a mako a ba ta tafiyar minti 30 ba tsayawa, zuwa kasuwar Pitoa ranar Lahadi da dawowa ya wadatar. Inshora kuwa, motar na tafiya ko tana kwance, kwanakinta na ƙirguwa.

Usta Mai Faci:
Kilomita 5 a keke minti 20 ne zuwa 25 ba tare da an yi tsere da kowa ba, don mai tafiyar hankali yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Tazarar ba matsala ba ce. Matsalar ita ce irin keken da yadda za a riƙe shi.

Iri biyu ke gabanka. Akwai baƙin keken nan irin Phoenix mai taya 28, giya ɗaya, birkin ƙarfe. Yana da nauyi, amma kayansa na ko'ina, kowane mai faci ya san cikinsa, yana da murfin sarƙa, kuma kariyarsa na ɗaukar kaya. Sai na gwanjo mai giya da faffaɗar taya 26, wanda ya fi daɗi a lungunan da ke da rairayi, don siririyar taya nutsewa take yi. Sababbin nan masu sheƙi da sifirin gaba da baya, masu araha, a bar su a shago. Araha ba ta ado, wata uku sifirin ya fara ƙara, giya ta daina shiga.

In na gwanjo za a saya, a duba abu huɗu kafin a yi ciniki. A ɗaga taya a juya ta, a sa ido kusa da robar birki: in gare yana rawa hagu da dama, ya lanƙwashe. A kama taya a girgiza ta gefe da gefe: in ta yi ƙwas-ƙwas, boris ya ci. A ja sarƙa daga gaban babban haƙori: in ta ɗago har aka ga rabin haƙorin, ta miƙe, kuma ta riga ta cinye haƙoran baya, sai dai a canza su tare. Na huɗu, a duba mahaɗar ƙarfe a ƙarƙashin sirdi da wuyan keke, ko akwai tsaga ko sabon walda da aka rufe da fenti.

Faci shi ne zai fi damun ka, kuma yawancinsa daga abu biyu yake zuwa: tsidau da ƙarancin iska. Tsidau yana bakin hanya inda ciyawa ta bushe, saboda haka a daina sauka daga kan sawun da jama'a ke bi. Taya mai laushi kuwa, da ta daki bakin rami sai gare ya matse tib ya huda shi gida biyu kamar saran maciji. A sa iska duk mako, adadin na rubuce a jikin taya. Dabara ɗaya: a samo tsohon tib, a yanke bawul, a tsaga shi a tsaye, a shimfiɗa tsakanin taya da sabon tib. Ƙananan ƙayoyi da yawa a nan za su tsaya.

Wurin yin faci, gaggawa ce ke ɓata aiki. A kankare wurin har ya yi kaushi, a shafa sholisho siriri, a jira minti biyar ya daina danƙo a yatsa, sannan a manna a danne. Wanda ya manna yana jiƙe, gobe zai dawo. Kafin a mayar da tib a zagaya cikin taya da yatsa, don sau tari ƙayar na nan a maƙale.

Lokacin hunturu kada a yi wa sarƙa wanka da baƙin mai. Ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. A goge da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a juya feda, a sake gogewa har sai bayanta ya bushe.

Hajiya Maman Biyu:
Usta, duk abin da ka faɗa haka ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka manta Garwa ake magana, ba Ngaundare mai sanyin tudu ba. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura 40, kuma biyu daga cikin sawu huɗun nan tsakar rana suke faɗowa. Mutum ya taka keke ƙarfe ɗaya na rana, ya ci tuwo, ya sake takawa ƙarfe biyu da rabi, ya isa shago riga jiƙe kamar an tsamo shi daga Binuwai? In azumi ya faɗo cikin zafin kuma, magana ta ƙare. Sannan wa zai kai yara makaranta, wa zai kai mai ciki asibiti cikin dare? Yaro a kan kariya ƙafa na lilo kusa da wayoyin taya, dunduniya ce ke shiga ciki, kuma raunin ba ƙarami ba ne.

Ni a ganina a yanke sawun rana. A tafi da abinci a kula, ko a aiko da shi, a fita kafin ƙarfe bakwai, a dawo bayan la'asar sakaliya. Sawu biyu cikin sanyi keke zai iya har a watan Afrilu, in akwai gorar ruwa ta lita ɗaya da rigar canji a shago. Mota ta zauna don iyali da buhun masara.

Ɗan Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To damina fa, da ranar da aka yi dare a shago?

Usta Mai Faci:
Hajiya ta fi ni gaskiya a kan sawun rana, na karɓa. Damina ba ta kai zafi wahala ba, don ruwanmu yakan zo da ƙarfi ya wuce, sai a fake a jira. Agusta ne kaɗai zai sa a nemi mota ko ɗan acaba a kai a kai. Abin kiyayewa, birkin roba a kan jiƙaƙƙen garen ƙarfe ba ya kamawa nan take, sai taya ta zagaya sau biyu ko uku ruwan ya goge, saboda haka a fara matsawa tun da nisa. Kada a shiga ruwan da ba a ga ƙasansa ba, kuma in ruwa ya kai tsakiyar taya a buɗe boris a sa sabon giris a makon.

Da dare fitilar gaba ba ta kai jar fitilar baya muhimmanci ba, musamman in hanyar ta haɗa da babban titin da tireloli ke bi zuwa Marwa da Kusuri. Kada a tsaya a gefen daman tirela a mahaɗa, direba ba ya ganin wurin, kuma in ya karya kwana tayoyin baya ciki suke shigowa. Doguwar riga a naɗe ta a cinya, ƙafar wando ta dama a sa mata roba. Kwaɗon nan na taya da ke zuwa da keke bai hana a ɗauke shi a kafaɗa ba, a sayi sarƙa a ratsa ta cikin jikin keken da tayar baya, a ɗaure a ƙarfen rumfar shago.